Yadda Muka Zaɓa wa 'Yarmu Ƙaramar Sakandare ta Gwamnati a Kano

A shekarar 2024 'yata ta fari ta kammala aji shida na firamare a nan Kano, kuma har zuwa tsakiyar zango na uku ban ɗauka akwai wani abu da ya rage a wuyana ba illa in biya kuɗin hoto in jira sakamako. Ni ma'aikaci ne mai matsakaicin albashi, 'ya'yana huɗu, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na san makarantar kuɗi ta fi ƙarfina, matuƙar ina so in yi wa yaran adalci gaba ɗayansu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi shekara tara na karatu kyauta kuma dole ga kowane yaro, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, saboda haka ban ji fargabar rasa gurbi ba. Abin da ban sani ba shi ne samun gurbi daban, samun wurin da hankalin uba zai kwanta daban, kuma a tsakanin waɗannan biyun na yi kusan wata biyu ina zirga-zirga. Na rubuta abin da ya faru ne daki-daki domin wanda zai biyo bayana ya rage wa kansa wahalar da rashin sani ya jawo mini.

Maganar farko da muka yi a gida ita ce ta makarantar kwana. Yayana, wanda shi ma a makarantar kwana ya yi karatu, ya nace cewa a can yarinya take samun natsuwa da tarbiyya, ba ruwanta da tallan unguwa da yawon biki. Ban musa masa ba, domin na san abin da makarantun kwana suka haifar a ƙasar nan. Sai dai mahaifiyar yarinyar ta ce ita ba za ta iya barci ba, kuma ban ga laifinta ba. Duk wanda yake Arewa ya san daren da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disambar 2020, da 'yan mata 279 na Jangebe a watan Fabrairun 2021. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Kuriga a jihar Kaduna, a watan Maris na 2024, 'yan watanni kaɗan kafin wannan shawara tamu, domin waɗancan yaran ba a ɗakin kwana aka same su ba, da safe aka kwashe su daga makarantar je-ka-ka-dawo. Daga nan na fahimci cewa kwana a gida kaɗai ba shi ne tsaro ba. Mu da muke cikin birni ba 'yan bindigar daji ne damuwarmu ta yau da kullum ba, damuwarmu ita ce hanya, da masu ƙwacen waya, da faɗan 'yan daba, da matasan da suke zaman kashe wando a bakin makarantun 'yan mata. Muka tsayar da shawara a kan je-ka-ka-dawo, kuma ta 'yan mata zalla.

Mataki na farko a ofishin hedimastan firamarensu aka yi shi. Ya aiko a kawo hoton fasfo huɗu da kwafin takardar haihuwa domin rajistar jarrabawar shiga sakandare. Hoton ya ci mini naira dubu ɗaya, kwafin takardu naira ɗari biyu. Na je da kaina da misalin ƙarfe goma, na jira kamar rabin sa'a saboda yana zagayen azuzuwa, da ya dawo ya karɓe ni da fara'a. A nan ne ya lura da abin da ni ban taɓa lura da shi ba a shekara shida, wato sunan da ke rajistar makaranta ya sha bamban da na takardar haihuwa, domin a ɗaya an rubuta sunana ne a matsayin sunan mahaifi, a ɗayar kuma an ƙara sunan kakanta. Ya ce, "Malam, wannan ba zai hana ta jarrabawa ba, amma ka gyara shi tun yanzu, domin gaba zai dame ka." Na ce to, ranka ya daɗe, na fita na manta da maganar. Na kuma tambaye shi wace makaranta za a tura ta, ya ce bisa al'ada ana tura yaro mafi kusa da inda ya yi firamare, amma uba yana iya neman canji idan yana da dalili. A lokacin ban ba wa wannan magana muhimmanci ba, alhali ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya.

Aka yi jarrabawa, aka tafi dogon hutu, muka yi ta jira. Sai bayan an koma makaranta sannan sunaye suka fito, kuma kamar yadda hedimasta ya faɗa, an tura ta makarantar da ba ta wuce tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa daga gidanmu ba. Na yi murna ƙwarai, domin babu kuɗin mota. Washegari da ƙarfe tara na safe na je in ga wurin. Gaban makarantar fes, an yi sabon fenti, maigadi yana zaune a ƙofa, ɗalibai suna cikin aji, mataimakin shugaban makaranta ya ba ni kujera ya yi mini bayani mai daɗi. Da a ce a ranar na zo da takardu, da na yi rajista na tafi. Abin da ya hana ni shi ne wata magana da ya yi a ƙarshe, cewa saboda yawan ɗalibai 'yan aji ɗaya karatun yamma za su yi, su shiga bayan azahar su tashi gab da magariba. Wannan ya ci karo da Islamiyyar da take zuwa da la'asar, kuma na tuna yadda duhu yake saurin shigowa a lokacin hunturu. Na ce masa zan dawo.

Na dawo, amma ba ofis na shiga ba. Ana saura kwata a tashi na tsaya a shagon wani mai sayar da katin waya da ke kallon makarantar, na sayi kati, na zauna a bencinsa. Abin da na gani a wannan rabin sa'a ya fi duk abin da aka gaya mini da safe. Ƙofar gaba ba ita ce ƙofar da yawancin yaran suke bi ba. Katangar baya ta faɗi a wuri biyu tun wata damina, an mayar da gurbin hanya, mutanen unguwa suna ratsawa ta cikin filin makaranta da babura. A daidai wannan gurbi akwai majalisar samari kusan goma, wasunsu kallo ɗaya za ka yi musu ka san ba a cikin hayyacinsu suke ba. Da aka kaɗa ƙararrawa na ga 'yan mata suna fitowa ta gabansu, ana kiransu da sunaye, ana tare wa wasu hanya da wasa irin wanda ba wasa ba ne. Babu malami ko ɗaya a wajen, maigadin kuma yana can ƙofar gaba inda babu kowa. Mai shagon ya ga yadda nake kallo, ya ce, "Alhaji, 'yarka ce a ciki?" Na ce za ta shiga dai. Ya yi shiru, sannan ya ce malaman suna ƙoƙari, amma bayan ƙarfe biyar wurin ba nasu ba ne. Kwana biyu bayan haka mai ɗakina ta je da kanta, ta roƙi wata malama ta nuna mata banɗakin ɗalibai. Ta dawo ta ce mini babu ƙyaure, babu ruwa, kuma yana can ƙarshen fili kusa da inda katangar ta faɗi, yaran da yawa sun gwammace su riƙe fitsari har su koma gida. Ta ce yarinyar da ta kusa fara al'ada ba za ta iya zama a haka ba, kuma wannan abu ne da ni namiji ba zai taɓa zuwa mini a rai ba.

Ban ɗora wa malaman wannan makaranta laifi ba, domin na ga alamar mutane ne da aiki ya fi ƙarfinsu. Amma na san ba zan kai 'yata can ba. Sai muka shiga neman wata, muka tsayar da guda biyu. Ta farko sananniya ce, kowa yana yabon sakamakonta, katangarta doguwa, tsarinta ba laifi. Matsalarta nisa. Na gwada hanyar da kaina da ƙarfe bakwai na safe kamar yadda yarinyar za ta yi, Adaidaita Sahu biyu, da tsallaka babban titi mai hannu biyu a inda babu gadar masu tafiya a ƙafa. Na kashe naira ɗari shida zuwa kawai, na kuma yi kusan minti hamsin. Da na lissafa kuɗin wata, na kuma hango yarinya 'yar shekara goma sha biyu ita kaɗai a bakin titi tana jiran abin hawa ranar da aka yi ruwa ko ranar da gari ya rikice, sai na haƙura da sunan makarantar.

Ta biyun ba ta da wani suna, gininta tsoho ne, fentin ya koɗe, wasu tagogin babu marfi. Tafiyar minti ashirin da biyar ce a ƙafa, ta cikin unguwa, babu babban titi a tsakani. A wannan karon na fara da lokacin tashi kafin in shiga ofis. Na zagaya katangar gaba ɗaya da ƙafa, na tarar a tsaye take ko'ina, an ɗaɗɗaga inda ta yi gajarta da sabon bulo. Ƙofa ɗaya ce tak. Da aka tashi, malamai mata biyu suka fito suka tsaya a bakin ƙofa har sai da yaran suka watse, wani dattijo ɗan sintirin unguwa kuma yana tsaye a kwanar layin da sandarsa. Masu sayar da awara da ɗanwake mata ne manya, suna cikin harabar ta gefe guda, ba a waje ba. Na tsaya wajen wata dattijuwa daga cikinsu bayan yaran sun tafi, na ce, "Inna, idan jikarki ce, za ki kawo ta nan?" Ta ce jikokinta biyu suna ciki, kuma shugabar makarantar ba ta ɗaukar wargi, ko uba ne ya zo ɗaukar 'yarsa kafin lokaci sai ya sa hannu a littafi. Washegari na gwada, na zo ƙofa na ce ina son ganin shugaba. Maigadin bai bar ni na wuce ba sai da ya tambayi sunana da abin da ya kawo ni, ya rubuta, ya aika yarinya ta sanar. Wannan tsayarwa da ya yi mini ta fi mini daɗi fiye da kowace tarba.

Shugabar makarantar mace ce mai shekaru, maganarta a taƙaice. Na ce, "Hajiya, ina so in san abu uku: wa yarinya za ta gaya wa idan wani ya dame ta, yaya kuke yi da manyan ɗalibai masu cin zalin ƙanana, kuma yaya za ku same ni idan wani abu ya faru?" Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta kira malamar da ke kula da shawarwari ga ɗalibai ta gabatar mini da ita, ta nuna mini littafin da ake rubuta lambar wayar iyaye aji-aji, ta kuma ce cin zali yana faruwa, duk wanda ya ce maka babu shi a makarantarsa bai duba ba ne, abin da za ta iya tabbatar mini shi ne idan ya zo gabanta ba ya kwana. Ta bayyana mini cewa gyaran katanga da na gani da famfon tuƙa-tuƙa da ke aiki a tsakar makaranta aikin kwamitin al'umma mai kula da makaranta ne tare da ƙungiyar iyaye da malamai, kuma mai unguwa yana halartar zamansu. Ta kuma faɗa mini aibin wurin da bakinta: aji ɗaya yana ɗauke da yara fiye da tamanin, kuma kusan rabinsu a ƙasa suke zama. 'Yan aji ɗaya a nan karatun safe suke yi. Game da gurbi kuwa, ta ce ba ta da ikon karɓar ɗalibar da ba a turo mata ba, sai na kawo takardar canji daga ofishin ilimi.

A nan ne wahala ta fara, kuma mafi yawanta ni na jawo wa kaina da rashin tambaya. Zuwana na farko ofishin da hannu biyu na je, ina tsammanin magana ce ta baki. Na jira daga ƙarfe tara har kusan sha ɗaya, jami'in da ke da alhakin ya fita zagayen makarantu, wani magatakarda ya ce in dawo da takardar roƙo a rubuce, da kwafin sakamako, da takardar haihuwa, da shaidar cewa makarantar da nake nema tana da gurbi. Na koma wajen Hajiya ta rubuta mini layi biyu ta buga hatimi. Zuwa na biyu, aka duba takardun, sai ga maganar hedimasta ta dawo mini: sunan da ke sakamako bai dace da na takardar haihuwa ba. Aka ce sai na kawo takardar rantsuwa daga kotu. Na fito raina a ɓace, ba da su ba, da kaina, domin wata uku da suka wuce aka gargaɗe ni. Takardar rantsuwar ta ci mini yini guda da naira dubu uku har da kuɗin buga ta. A bakin ofishin kuma wani mutum da ba ma'aikaci ba ne ya matso ya ce idan na ba shi wani abu zai fito mini da takardar a ranar. Na gode masa na wuce, kuma ina ba kowa shawarar ya wuce, domin daga baya na tabbatar babu ko sisi da ake biya don canjin. Zuwa na uku na sami jami'in da kansa. Ya karanta roƙona, inda na rubuta dalilaina a fili, wato karatun yamma da yanayin hanyar fita, ba tare da na zagi kowa ba. Ya ɗago ya ce, "Ka je ka gani da idonka ne, ko gaya maka aka yi?" Na ce na je sau biyu, mai ɗakina ma ta je, yallaɓai. Ya sa hannu. Ya ce in kai kwafi makarantar farko domin su cire sunanta, in kai na asali sabuwar. Daga ranar da na fara zuwa ofishin zuwa ranar da na riƙe takardar, kwana goma sha shida ne, kuma a duk tsawonsu yarinyar tana gida tana ganin ƙawayenta suna wucewa da yunifom. Wannan ya dame ta har ta yi kuka sau biyu, ni ma ya dame ni.

Rajistar kanta ba ta wuce sa'a ɗaya ba. Na kai fayil, da hoto biyu, da kwafin dukkan takardu. Ba a karɓi kuɗin makaranta ba. Abin da na kashe shi ne yadin yunifom da hijabi kala biyu da ɗinki, da takalmi da safa, da littattafan rubutu, duka suka tasam ma naira dubu talatin, sai gudummawar ƙungiyar iyaye da malamai wadda aka ba ni rasit a kanta. Kafin ranar farko mai ɗakina ta zagaya gidajen layinmu da na bayanmu ta gano yara huɗu da suke makarantar, biyu a aji uku, ta haɗa su da 'yarmu domin su riƙa tafiya tare su dawo tare. A mako na uku yarinyar ta dawo shiru, ba ta ci abinci ba, sai da dare ta gaya wa mahaifiyarta cewa wata babbar ɗaliba tana karɓe mata kuɗin tara tun kwana huɗu. Da safe uwar ta je ta sami malamar nan mai ba da shawara. Kafin a tashi an kira babbar ɗalibar da mahaifiyarta, an mayar da kuɗin, kuma ba a yi abin a gaban aji ba balle ya zama gaba. Daga ranar ban ƙara shakkar zaɓin da muka yi ba.

Da zan sake bin wannan hanya, da tun zango na biyu na aji shida zan fara zagayen makarantu, kafin sunaye su fito, domin neman canji bayan an koma karatu yana cinye wa yaro makonni. Da zan daidaita sunan yaro a kowace takarda tun kafin jarrabawa, in ajiye kwafi uku-uku na komai a fayil ɗaya. Ba zan yanke hukunci da ziyarar safe ba, domin da safe kowace makaranta tana cikin shirinta, lokacin tashi ne ake ganin wanda yake iko da bakin ƙofa. Uba ya zagaya katanga da ƙafarsa, ya bi hanyar da yaron zai bi a irin lokacin da zai bi ta, in da hali har da ranar da aka yi ruwa. Uwa ta shiga banɗaki ta duba ruwa da ƙyaure, ta kuma yi hira da malamai mata, domin akwai abin da ba za a gaya wa namiji ba. A tambayi masu abinci da masu shago da iyayen da 'ya'yansu suke ciki, su ba su da abin da za su ɓoye. A tambaya tun farko ko karatun safe ne ko na yamma. Shugaban makarantar da ya faɗi aibin wurinsa da bakinsa kuwa, na fi amincewa da shi a kan wanda ya ce komai lafiya.

Har yanzu akwai abin da bai gyaru ba. 'Yata tana cikin masu zama a ƙasa, kuma hijabinta yakan dawo da datti kullum. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, muna fatan kujeru za su iso makarantar, amma ba mu zauna jira ba. Na shiga ƙungiyar iyaye da malamai, kuma a zamanmu na ƙarshe mun amince kowane uba mai hali ya ba da abin da zai iya domin a ƙera benci ashirin a wajen wani kafinta da 'yarsa take aji biyu, wanda ya ce kuɗin katako da ƙusa kawai za a ba shi. Goma sha ɗaya sun riga sun shiga aji, sauran tara muna sa ran karɓarsu kafin hutun ƙarshen zango.